Taƙi Ɗaya Daga Sama

Ni mutum ne mai mantuwa, har matata takan ce in da kai ana cire shi, da tuni na baro nawa a masallaci tare da takalmi. Amma akwai wata la'asar a Sabon Birni da ba za ta taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. A ranar ne raina ya rataya a kan wani ɗan tudu da ke fitowa a fuskar kwamfuta, a ranar ne kuma na fahimci wani darasi da na yi shekaru ina koyar da shi da bakina kawai.

Ni malamin Fiziks ne a wata sakandare a Isa. A shekarar da hukuma ta yanke sabis ɗin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, makarantarmu ta tsaya, sai na kwashi iyalina na koma gidanmu na gado a Sabon Birni. Wanda bai zauna a can a lokacin ba, da wuya ya gane yadda garin ya zama. Mai son ya ji muryar ɗansa da ke Legas sai ya hau babur ya nufi wajen Burkusuma, ya tsaya a kan tudu yana ɗaga waya sama ko zai kamo sabis ɗin Nijar. Kowa na cikin ƙunci. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, akwai ɗan farin cikin da na ɓoye a cikina.

Dalilin shi ne, wani abokina da muka yi jami'a tare ya taɓa aiko mini da wata 'yar na'ura da ba ta wuce kwalin ashana ba. In ka soka ta a kwamfuta, sai kwamfutar ta zama rediyo mai kunne ƙwarai. Na sa wani maƙerin kwano ya ƙera mini ƙaton bututu da kwanon rufi, mai faɗin baki kamar mazurari, muka liƙa gwangwanin madara a gindinsa da ɗan guntun waya a ciki. Burina in kamo sautin iskar haidurojin da ke cike tsakanin taurari, wanda littattafanmu suka ce ana iya kamawa. A Isa na yi ta fama ban ga komai ba, don ƙarfen sabis da ke bayan makaranta yana cika mini na'ura da hayaniya. Da aka kashe ƙarafan nan gaba ɗaya, sai sama ta yi tsit. A karon farko na ga layin da ke fuskar kwamfutata ya kumbura a tsakiya, daidai inda aka ce zai kumbura. Na yi ta kiran matata ta zo ta gani, ta leƙa ta ce, yanzu a kan wannan ƙurjin ne na hana ta kuɗin sabon kwanon wanka?

A saman soronmu na kafa bututun. Wani ƙaton dogon-yaro na maƙwabta ya tare mini kudu, don haka na fuskantar da shi kudu maso gabas, inda sama take a buɗe, nakan hau kafin azahar in zauna da kwamfuta. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ke wannan kusurwar a ƙasa ba. Dajin da 'yan bindiga ke fitowa ne. Idon mai ilimin littafi yana sama, na mutanen unguwa kuwa yana kan wani malamin boko da ke hawa soro kullum da na'ura, yana auna daji, a lokacin da ba wanda ke iya kiran kowa.

Sai aka tare manoma a hanyar gona aka kashe mutum uku. Ɗaya daga cikinsu ƙanen shugaban 'yan sa-kan unguwarmu ne. Washegarin jana'iza, ina alwalar la'asar, na ji an cika ƙofar gida. Ba sai na tsaya bayani ba, a wancan lokacin wanda aka kira infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ba ya kaiwa gaban alƙali. Na san mutanen da aka fitar da su bayan gari a kan zargin da bai kai nawa ƙarfi ba. Suka hau soro suka sauko da bututun da kwamfutar, wani ya riƙe mini wuyan riga. Ina jin matata a cikin gida tana salati da wata murya da ban san tana da ita ba.

Abin da ya hana a wuce da ni kai tsaye shi ne hanyar ta bi ta ƙofar Baffa, yayan mahaifina, wanda shi ne limamin unguwa kuma mai makarantar zaure da kusan duk mutanen nan suka yi karatu a gabansa. An idar da salla ke nan yana zaune a kan buzunsa. Ya ɗaga hannu kawai, aka tsaya. Ya sa aka ajiye kayan a filin ƙofar gidansa, ya saurari shugaban 'yan sa-kai har ya gama. Mutumin nan dogo ne, idanunsa sun yi ja don kuka da rashin barci, kuma ban ga laifinsa ba ko a lokacin. Ya ce sun daɗe suna kallona, kullum bakin bututun nan daji yake kallo.

Baffa ya juyo gare ni. “Ɗana, mi a wanga abu? Hwaɗa muna da Hausa, ba da Turancin da kaka tsorata yara da shi ba.”

Na buɗe baki, sai ga darasin aji yana zubowa, da sunayen Turanci da lambobi. Jama'a suka fara guna-guni, na ga wani yana gyara riƙon gorarsa. Idona ya faɗa a kan wani zare da ya zazzago daga bakin rigata inda aka ja ni, na tsinke shi, na ɗaga. Na tambaye su zare nawa ne, suka ce ɗaya. Na murza shi baya da yatsu har ya warware, sai ga silli biyu. Daga nan harshena ya saki.

Na ce musu duk abin da Allah ya halitta an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce ta haidurojin, wadda ke cikin ruwan butar Baffa, take kuma cike tsakanin taurari. Abu biyu ne kawai a cikinta, ƙwaya mai nauyi a tsakiya da wata marar nauyi da ke kewaye da ita. Marar nauyin nan ba ta zama inda ta ga dama, matakai gare ta kamar na tsani. Masana sun daɗe suna ɗaukar matakin ƙasa guda ɗaya ne, sai da na'urorinsu suka ƙara kaifi suka ga ashe biyu ne a manne, kamar zaren nan, tazarar da ke tsakaninsu ta fi duk abin da hankali zai kawo sirantaka. Abin da ya raba su kuwa, kowace daga cikin ƙwayoyin biyu tana juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa, kowace kuma ɗan maganaɗisu ce da ke jin 'yar'uwarta. In juyinsu ya fuskanci gefe ɗaya, zarrar tana matakin sama da ɗan ƙarfin da ya yi mata yawa. In marar nauyin ta kifa ta juya ɗaya gefen, sai zarrar ta sauko matakin ƙasa, ɗan rarar ƙarfin nan ya fita a matsayin igiyar rediyo.

Da na ambaci rediyo sai na ga fuskoki sun motsa, don ba gidan da ba a kama tasha a kan mita kaza. Na ce to wannan tashar ba ta kai ko mita ɗaya ba, tsawon igiyarta santimita ashirin da ɗaya ne. Na buɗe hannuna daga kan babban yatsa zuwa kan dogon yatsa na nuna musu, taƙi ɗaya. Bututuna kuma kunne ne kawai, ba shi da bakin da zai aika wa kowa magana.

Baffa bai ɗauke ido daga kaina ba. Ya tambaye ni wa ke kifa ta. Na ce ba kowa, da kanta take kifawa, kuma ba masanin da zai iya faɗin ranar da wata zarra guda za ta yi. Takan jira kamar shekara miliyan goma kafin ta yi sau ɗaya. Yawansu ne ya sa sautin ba ya yankewa.

“To in kowace da ranatta, awon hwa? Wagga ta ba da taƙi, waccan ta ba da kamu?”

Na ce a'a, duk taƙi ɗaya suke bayarwa, ta nan da ta ƙarshen sama, babu mai ƙari babu mai ragi.

Na rubuta wannan lambar a allo ban san iyaka ba, na ci jarrabawa da ita, na kayar da ɗalibai a kanta, amma ban taɓa tsayawa na ji nauyinta ba sai da tsohon nan ya tambaye ni. Abu ne da ba wanda ya san lokacinsa, amma awonsa ba ya kuskure ko da gashi ɗaya, a wuraren da ba mai gani ba mai aunawa. Ina tsaye a tsakiyar mutanen da suka zo kashe ni, na ɗan manta da su. Na ji Baffa yana tasbihi a hankali.

Shugaban 'yan sa-kai ne ya dawo da ni ƙasa. Ya ce infoma ma baki gare shi, kuma ɗan boko ba ya rasa abin faɗi. Baffa ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne. Ya tambaye ni a ina sautin ya fi ƙarfi, na ce a farar hanyar nan ta taurari da ke ratsa sama, musamman wajen wutsiyar kunama. Ya ce Majarra ke nan, wajen taurarin Shaula da Na'a'im. Na san tun muna yara manoma kan zo wurinsa su tambayi tauraron da ake ciki kafin su yi shuka, amma ni da digirina ban taɓa zama na tambaye shi yadda yake lissafin ba. Ya ce taurari ba sa tafiya ko'ina da rana, haske ne ke rufe su, kuma shi ya san inda Shaula take a wannan sa'ar. Zai raɗa wurin ga shugaban da kuma ladan na masallacinsa. Ni kuma a shigar da ni zaure da kwamfutata, in fuskanci bango, shugaban da hannunsa ya riƙa juya bututun inda ya so, ni in riƙa faɗin abin da na gani.

Sannan ya ƙara maganar da har yau nakan ji ta a ƙirjina. “In yad dace, ku sake shi. In bai dace ba, ɗan ƙanena na, amma ba ni tare maku hanya.”

Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Daga baya na gane ba don wannan maganar ba, da ba wanda zai yarda da gwajin.

Aka ja wayar da ta haɗa bututun da kwamfutar har cikin zaure. Na zauna a kan tabarmar ɗalibai, bango a gabana, mutum biyu a bayana suna gadin kada in waiga. Batirin kwamfutar ya yi ƙasa, na yi sauri na danna abin da nake so. Na sani sarai na'urar nan takan yi gardama ba dalili, an kuma jijjiga ta wajen saukowa daga soro. In gwangwanin nan ya goce ko wayar ciki ta karye, shi ke nan, gaskiyata ba za ta amfane ni da komai ba.

Daga waje shugaban ya ce, “Diba.” Na jira layin ya natsu. Gaba ɗayansa ya ɗaga sama, amma babu tudu. Na ce wannan ba sama ba ce, ƙasa ya nuna ko bango, don duk abu mai ɗumi yana da tasa hayaniyar. Na ji wani ya yi 'yar dariya aka kwaɓe shi. Aka sake juyawa. Layin ya kwanta, sai wani ɗan kumburi da ba a kira shi komai ba. Na ce babu. Nan guna-guni ya tashi sosai, ban san dalili ba sai daga baya: daji shugaban ya nuna, daidai inda nakan fuskantar da shi a soro, yana jiran ya ji na ce ga su. Bai san abin da nake saurare da hantsi a wannan kusurwar ya riga ya haura sama ya yi kudu ba. Ya sake juyawa, na sake cewa babu. A nan zuciyata ta fara raya mini cewa na'urar ta mutu ne, shi ya sa ba na ganin komai. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

“Diba,” ya sake cewa.

Da farko layin rawa kawai yake yi. Sai tsakiyarsa ta fara tashi a hankali, ta yi ta tashi har ta tsaya cak, tudu sosai, wanda ya fi duk wanda na taɓa gani a soro. Na ce ga shi. Daga waje ba wanda ya ce na dace ko ban dace ba. Ina kallo sai tudun ya narke. Na ce ya tafi, an kawar da bututun. Can ya sake tasowa, na ce ya dawo. Ashe mutumin ne yake gwada ni shiru, ya kawar ya mayar, bai ce diba ba.

Sai na ji muryar ladan yana cewa a fito da shi.

Da na fito, hasken rana ya kashe mini ido. Bututun na hannun shugaban, bakinsa na kallon kudu, ya ɗaga kamar rabin hanya zuwa tsakiyar sama. Na bi shi da kallo. Babu komai a wurin, shuɗiyar sama ce fayau da wata shirwa tana shawagi. Amma kowa a filin nan can yake kallo, har masu gora, baki a sake. Baffa na zaune inda yake, hawaye na bin gemunsa. Ya ce shekara da shekaru yana lissafa Shaula da rana a kan amanar malamansa, bai taɓa zaton zai rayu ya ga abin da zai ce masa, e, tana nan ba.

Shugaban ya ajiye bututun a hankali kamar mai ajiye jariri. Ya shiga zaure ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya fito ya tambaye ni tun yaushe sautin nan ya taso. Na ce dubban shekaru yake tafe, ya baro wurinsa tun ba a aza tubalin Alkalawa, tsohon birnin sarakunan yankinmu, ba, aka gina ta, aka yi mulki, ta zama kufai, duk yana hanya, sai yau da la'asar ya faɗo cikin gwangwanin madara. Ya buɗe hannunsa, babban yatsa da dogon yatsa, ya tsaya yana kallon tazarar. Ya zauna a ƙasa ya jingine bindigarsa.

“Malam,” ya ce, “da yanzu mun gama da kai. Ka yahe mani. Ƙanena na nika gani duk inda nid diba.”

Na ce na yafe, kuma har zuciyata na yafe. Mutane suka fara watsewa, wasu kuma suka yi layi a ƙofar zaure kowa na so ya ga tudun da idonsa, har batirin ya mutu a hannunsu.

Ban tsira daga Baffa ba dai. Da aka ragu, ya kira ni ya wanke ni tas. Ya ce wane irin mai hankali ne zai kafa abu a soro yana kallon daji a irin wannan lokaci, bai gaya wa maƙwabcinsa ko ɗaya ba? Ya ce abin da ya fi ba shi haushi, gidansa da namu katanga ɗaya ce, ina sauraren taurarin da ya ƙare rayuwarsa yana lissafawa, ban taɓa ganin ya isa in kira shi ba. Tun daga ranar har rasuwarsa, in na kafa bututun, a ƙofar gidansa nake kafawa, shi ya nuna wuri da sandarsa, ni in duba.

Abin da ranar nan ta koya mini bai da yawa, amma ya ishe ni. Ilimin da mutum ya hau soro da shi shi kaɗai, bai sauko ya warware wa mutanensa da harshensu ba, yana iya zama ajalinsa, kuma shi kansa bai gama fahimtarsa ba. Na kuma ga da idona cewa mai laifi da marar laifi sukan yi kama da abu ɗaya daga nesa, sai an sami mai haƙurin da zai tsaya ya murza zaren. An sami wanda ya tsaya a kaina, akwai da yawa a yankinmu da ba a tsaya a kansu ba, kuma nakan tuna da su duk lokacin da na zo wannan darasi a aji. Yanzu ba na fara shi da lamba. Nakan ce kowa ya ɗaga hannunsa ya buɗe taƙi ɗaya, in bar su su kalle shi tukuna, sannan in gaya musu cewa da ba don wannan ba, da wani ne yake tsaye a gabansu yau.